Mubtadi da Buɗaɗɗen Littafi

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi, wata mas'ala wadda a da ba ta wuce bakin 'yan jami'a ba ta fara shigowa zaurukan birnin Kano. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu da malaman Islamiyya da masu shagunan buga takardu, daga Mandawari zuwa Ƙoƙi, daga Yakasai zuwa Gwale, na hannu ne, sun ci ƙuruciyarsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a shagunan Beirut Road, kuma ba su cika sharuɗɗan da aka gindaya wa mai son hawa Windows 11 ba. Mai irin wannan na'ura, in ba shi da halin sayen sabuwa, ko dai ya ci gaba da aiki da ita ba kariya, ko kuwa ya karɓi shawarar da samari masana suke bayarwa, wato ya ɗora mata Linux, wadda ba a biyan ko kwabo a kanta, kuma takan tafi lafiya a kan tsohon ƙarfe. Idan aka tambayi samarin nan fifikonta ban da araha, sai su ce ai buɗaɗɗiya ce, kowa yana da ikon ya karanta abin da ke cikinta, ya gyara, ya ba wani. A nan ne dattijo mai hankali yakan kawo tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami, ya ce: "Ɗana, ni da ban iya karanta ko layi guda na wannan rubutu ba, kuma ba na sa ran iyawa kafin in koma ga Mahaliccina, me buɗewarta ta ƙare ni da shi? Ai ga wanda bai san baƙi ba, littafin da ke buɗe a gabansa da wanda aka naɗe cikin tadarishi aka sa a gafaka duk ɗaya ne."

Wannan tambaya ta usuli ce, kuma malamanmu sun daɗe da tattauna 'yar'uwarta a babin tauhidi da na fiƙihu. Amma tun da yake ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa, wajibi ne a fara fayyace abin da ake magana a kansa. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tsaye tsakanin ƙarfe da mai aiki da shi: ita ke raba ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin ayyuka, ita ke karɓar abin da yatsa ya danna ta kai shi allo, ita ke tsare fayil a inda aka ajiye shi, ita ke buɗe ƙofar intanet ta kuma rufe. Mutane ne suke rubuta ta da wani harshe na umarni, wanda duk ɗan Adam da ya koya yana iya bin sa layi bayan layi ya gane nufinsa. Sa'an nan a juya wannan rubutu zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfanin da ya rufe manhajarsa juyayyen yake sayar maka, ya riƙe asalin a taskarsa, ya kuma ɗora maka sharaɗin ba za ka kwafa ka ba wani ba, ba za ka tone ta don ganin yadda aka ƙulla ta ba. Wanda ya buɗe tasa kuwa, asalin da juyayyen duka yake miƙa maka.

Mutumin da ya fara mai da wannan al'amari aƙida shi ne Richard Stallman na jami'ar MIT a Amurka, wanda wata na'urar buga takardu ta dame shi da cijewa a wurin aiki, ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. A 1983 ya shelanta aikin da ya kira GNU, na rubuta babbar manhaja wadda ba za a hana kowa asalinta ba, a 1989 kuma ya fitar da lasisin nan mai suna GPL. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi mai shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar irin wannan manhaja, wato sashen da ke magana da ƙarfe kai tsaye, a 1992 kuwa ya sa ta ƙarƙashin GPL; da aka haɗa zuciyar da kayan aikin GNU sai abin ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan jama'a daban-daban suka riƙa harhaɗa ta, kowa da irin tsarinsa: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 a hannun Mark Shuttleworth mutumin Afirka ta Kudu, Linux Mint a 2006, da wasu ɗaruruwa. Wanda duk ke da wayar Android a aljihunsa, ko a Kurmi yake sayar da goro, yana ɗauke da zuciyar Linux ko bai sani ba. Kuma tun watan Nuwamba na 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, dukansu da ita suke aiki.

Akwai mas'aloli biyu da suka tare hanya, gara a kawar da su tukuna. Ta farko, wasu daga samarinmu, saboda zafin ƙauna, sukan ce rufe manhaja ɓoye ilmi ne, su jawo aya ta 159 ta Suratul Baƙara wadda ta yi narko ga masu ɓoye abin da Allah Ya saukar na shiriya, da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito game da azabar wanda aka tambaye shi ilmi ya ƙi bayyanawa. Ban ga wannan istidlali ya miƙe ba, domin malamai sun ɗora narkon ne a kan ilmin da mutum yake bukata don gyaran addininsa, wanda bayyana shi ya wajaba a kan wanda aka tambaya. Asirin sana'a kuwa abu ne da garin nan ya san shi tun kaka da kakanni, marinin Ƙofar Mata bai yi zunubi ba don bai gaya wa maƙwabcinsa gwargwadon baba da tokar da yake zubawa a marinarsa ba. Saboda haka ba na cewa rufaffiyar manhaja haram ce, kuma ina jan kunnen duk wanda zai haramta abin da Allah bai haramta ba don ya tallata abin da yake so.

Ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba a cika son ambatonta ba. Kowa ya sani da yawa daga Windows ɗin da ake sa wa mutane a shaguna kwafi ne da aka fasa makullinsa, mai shi bai sayar ba, bai kuma yafe ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cikin ƙudurinta mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi musu ta'addi. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin ilmi ba ya shiga mallakar mutum, amma ko a wurin mai sassauci, mafi ƙarancin abin da za a ce shi ne akwai shubuha. Malamin da yake buga jadawalin makarantarsa, ko yake rubuta sharhin Arba'una Hadisi, a kan na'urar da tushenta shubuha ne, ya cancanci a nuna masa hanyar da masu haƙƙi suka ba da izini a sarari, a rubuce, ga kowa da kowa. Wannan ita ce fa'ida ta farko da dattijon nan zai samu ba tare da ya karanta layi guda ba, wato natsuwar zuciya cewa abin da ke hannunsa halal ne tsantsa.

Wannan izini kuwa, in an dube shi da idon fiƙihu, yana da kama da hubusi ƙwarai. Asalin babin, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, gonar da Sayyidina Umar ya samu ce a Haibara, wadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shawarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ta halatta hubusin abin da ake ɗauka a kai wani wuri, kamar littafi. Hikimar da ke cikin GPL ita ce, marubucin bai jefar da haƙƙinsa a titi ba, ya riƙe shi, sa'an nan ya yi amfani da shi wajen gindaya sharaɗi irin na mai waƙafi: ka yi aiki da ita yadda ka so, ka karanta, ka gyara, ka rarraba, amma ranar da ka miƙa wa wani abin da ka gyara, tilas ka miƙa masa tare da asalin rubutun, bisa sharaɗin da kai ma ka karɓa, don kada wani mai ƙarfi ya zo ya ɗebi gumin jama'a ya kulle a ɗakinsa. Sai dai ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba, kuma amanar ilmi ta hana a ɓoye haka: hubusi ba a sayar da shi, alhali GPL ba ta hana mutum karɓar kuɗi a kan kwafi ko a kan hidima ba, abin da ta tsare shi ne buɗewar. Kamfanin Red Hat da hidimar Linux ya yi arziki, har IBM ta saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Imamu Malik ya halatta wa malami karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, marubutan birni kuma sun ci abinci da alƙalaminsu ƙarni bayan ƙarni, ba wanda ya ce sun mallaki abin da suke kwafa.

To, yanzu mu koma ga zuciyar tambayar. Abin da dattijon yake faɗi, in an mai da shi harshen malamai, shi ne: ni muƙallidi ne ko ta wace hanya na bi, in na hau Windows na yi taƙlidi ga kamfani, in na hau Linux na yi taƙlidi ga wasu mutane da ban taɓa gani ba, to ina bambanci? Rabin farko na maganarsa gaskiya ne, kuma bai kamata samari su yi musunsa ba. Rubutun zuciyar Linux kaɗai ya haura layi miliyan 30, babu mahaluƙin da ya karance shi duka, har wanda ya fara shi. Kowa muƙallidi ne a wani sashe. Taƙlidi kuwa a kan kansa ba aibi ba ne. Imamu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahina da ake karantawa a zaurukanmu, ya tsananta a kan imanin wanda bai san dalili ba; da wasu ɗalibai a ƙasar Hausa suka wuce gona da iri, suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyin ilmin kalami suna kafirta wanda ya kasa amsawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi ya yi musu raddi a rubuce-rubucensa, ya kare imanin gama-garin Musulmi. A furu'a kuwa jamhurun malamai sun tafi a kan cewa aikin wanda bai sani ba shi ne ya tambayi masana, kamar yadda aya ta 43 ta Suratun Nahli ta yi umarni. Ashe ba a neman mubtadi ya zama mujtahidi kafin ya kunna na'urarsa. Abin dubawa shi ne wane irin taƙlidi yake yi.

Dubi mutumin da ya koyi alwala da salla daga Ahalari a zauren unguwarsu, bai wuce nan ba har ya tsufa. Bai san hujjar ko mas'ala ɗaya ba, amma duk da haka taƙlidinsa yana kan tudun mun tsira, saboda abin da malaminsa ya biya masa yana da asali a Iziyya da Risala, na Risala yana da bayani a Muhtasar na Halilu da sharhin Dardiri da hashiyar Dasuƙi, waɗannan kuma suna komawa ga Mudawwana da Muwaɗɗa, dukansu kuwa suna nan a buɗe a ɗakunan karatu na birni, duk wanda ya kai ya ɗauka ya duba. In malaminsa ya yi tuntuɓe, akwai wani malami a unguwa ta gaba, wanda ba ya cin abincinsa kuma ba ya tsoronsa, da zai buɗe littafin nan ɗaya ya ce ba haka nassi ya zo ba. Birnin nan ya ga haka da idonsa a farkon ƙarni na 20, lokacin da Malam Muhammadu Salga da almajiransa suka yi saɓani da malaman Madabo a kan wasu al'adun jana'iza da sadakar mamaci, kowane ɓangare ya rubuta risala yana kafa hujja da littattafan mazhaba guda. Talakan da bai iya karanta ko ɗaya daga risalolin ba ya amfana da muhawarar, domin a kan addininsa ake tacewa. Yanzu ka ƙaddara a ce littattafan nan duka kwafi ɗaya ne tak, yana kulle a akwatin malami guda, shi kaɗai ke dubawa ya fito ya faɗa, ya kuma sa kowa ya yi alkawarin ba zai leƙa ba. Mai yiwuwa ne malamin nan adali ne, mai tsoron Allah, bai taɓa faɗin abin da ba shi ke rubuce ba. Amma adalcinsa ba shi da mai tazkiyya, kuskurensa ba shi da mai kamawa, ranar da ya ce ya daina biya wani babi kuwa babin ya rufu ke nan. Dukansu biyu taƙlidi ne, amma na farko dogaro ne ga shaidar da ake iya bincika, na biyu dogaro ne ga da'awar da mai ita kaɗai ke shaidarta. Wannan bambanci kuwa yana isa ga wanda bai san baƙi ba, kamar yadda yake isa ga masani.

Masu Linux sun gina wa kansu wani abu da ɗalibin hadisi zai gane da gani ɗaya. Kowane gyara da ya shiga zuciyar manhajar yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, da ranar, da dalilin, da sa hannun waɗanda ya bi ta hannunsu har ya isa ga Torvalds. Tun 2004 aka wajabta wannan sa hannu, a 2005 kuma Torvalds ya rubuta manhajar Git wadda ke tsare wannan silsila yadda ba a iya sauya abin da ya wuce ba tare da an gane ba. Isnadi ke nan, ko da masu shi ba su kira shi haka ba. Kuma kamar yadda isnadi bai hana maƙirƙira hadisi yunƙuri ba, sai da aka sami mazajen jarhi da ta'adili suka tsaya, haka nan buɗewa ita kaɗai ba ta tsare komai. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin mutane a wani babban kaso na intanet. Kusan shekara 2 ɓarakar tana zaune a buɗaɗɗen rubutu ba wanda ya lura, domin duniya duka tana amfana da aikin, amma 'yan tsirarun mutane ne ke kula da shi, ba su da isasshen tallafi. A watan Maris na 2024 kuma aka tone wani makirci a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz: wani da ya ɓoye sunansa ya shafe kimanin shekara 2 yana nuna kirki da hidima har aka ba shi amana, sa'an nan ya dasa ƙofar ɓoye. Wanda ya kama shi, Andres Freund, injiniya ne a kamfanin Microsoft, ya lura ne kawai cewa shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya iske dashen, kafin ya bazu cikin manyan tsare-tsaren da jama'a ke amfani da su. Labari na farko ya nuna abin da ke faruwa in littafi yana buɗe babu mai karatu. Na biyu ya nuna abin da mai karatu guda, wanda ba a ɗauke shi aikin ba, yake iya yi in an bar masa ƙofa.

Nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma nan ne ta fi yi mini nauyi. Amincin muƙallidi a kan masana yake rataye, to su wane ne masananmu? Imamu Gazali, a Kitabul Ilmi na Ihya'u, ya ƙirga likitanci da lissafi da tushen sana'o'i kamar noma da saƙa cikin farali kifaya, wanda in gari ya rasa mai tsayuwa da shi duk mutanen garin sun shiga laifi. Ban ga yadda za a fitar da ilmin na'urar da yau take riƙe da kuɗin mutane da wasiƙunsu da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu daga wannan hukunci ba. Birnin Kano kuwa bai saba zama mai karɓa kawai ba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Fulani daga Mali da littattafan tauhidi da lugga a zamanin Yakubu, da Shaihu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da zuwan Ashafa da Mudawwana a zamanin Muhammadu Kisoki. Littattafan nan baƙi ne ranar da suka shigo ta ƙofofin ganuwa, abin da ya mai da su 'yan gari shi ne an kwafe su da tawadar gida, an cika gefensu da ta'aliƙi, an fassara su da Hausa a zaure baƙi bayan baƙi, har garin ya sami salon rubutunsa na kansa, wanda marubuta irin su Sharu Bala Gabari suka kai shi maƙura. Da an zo mana da su a kulle, da sharaɗin kada a kwafa, da babu Madabo.

Wannan salo na rubutun Kano yau yana cikin kwamfuta: a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da tsarin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano don ajami, ta kuma sake shi da buɗaɗɗen lasisi, kowa ya ɗauka kyauta. Abin godiya ne, amma abin tunani ne kuma cewa daga waje aikin ya zo. A cikin Linux akwai tsarin allon rubutu na Hausa, mai ƙ da ɗ da ɓ, yana jiran wanda zai zaɓe shi. Fassarar manhajojin kanta zuwa Hausa kuwa ba ta yi nisa ba, ko da yake an taɓa yin yunƙuri da Wazobia Linux, wadda wasu 'yan Nijeriya suka fitar da Hausa da Yarbanci da Ibo, daga baya aka daina jin ɗuriyarta. Ba wanda ya hana mu; ƙofar fassara a buɗe take, ba a neman izinin kowa, kuma aiki ne da malamin lugga wanda bai san lissafin na'ura ba zai fi injiniya iyawa, in an zaunar da su tabarma ɗaya.

Game da mubtadin da ya yi niyyar farawa, ladubbansa ba su da nisa da na ɗalibin zaure. Ya zaɓi tsari ɗaya mai sauƙi, kamar Linux Mint ko Ubuntu, ya zauna a kansa har ya saba, kada ya zama mai tsalle daga wannan zuwa wancan duk mako, domin wanda bai sauke Ahalari ba ba a buɗe masa Muhtasar. In na'urarsa ta tsufa ƙwarai akwai masu sauƙin nauyi irin su Lubuntu. Ya sauko da ita daga asalin masu ita, ko ya karɓa daga amintacce, ya gwada lambar tantancewa da suke bugawa tare da ita, wadda ke tabbatar da cewa kwafinsa bai saɓa wa asali ko da harafi ɗaya ba, irin muƙabalar da marubuci ke yi bayan ya gama kwafi. Ya sa ta a filashi ya tayar da na'urar daga nan tukuna, domin tana iya tafiya haka ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba, ya ga ko sauti da intanet da na'urar buga takardu suna aiki. Kafin ya ɗora ta dindindin kuwa ya kwashe takardunsa da hotunansa ya adana a wani wuri dabam, don mafi yawan kukan masu farawa daga nan yake fitowa. Kada ya rubuta wani umarni a baƙin allo, wato tagar da ake ba na'ura umarni a rubuce, musamman wanda ke neman kalmar sirrinsa, alhali bai san abin da umarnin zai aikata ba, ko da wa ya ba shi. Ya kuma nemi wanda ya riga shi, ya zauna kusa da shi, don awa guda a gaban malami ta fi mako guda na lalube.

Kada kuma a ruɗe shi da cewa babu wahala. LibreOffice, manhajar ofis da ake samu a Linux, tana buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW ba zai same ta a Linux ba, Inkscape da zai samu a madadinta kuwa sai ya sake koyo, abokan cinikinsa kuma ba za su jira shi ba. Irin wannan mutum, in ya sayi lasisin abin da yake aiki da shi ya zauna a kansa, bai yi laifin komai ba, kuma bai kamata a dube shi da ido na raini ba. Ina faɗin haka ne don na lura asabiyya takan shiga wannan fage kamar yadda take shiga kowane fage, har mai Debian ya riƙa ganin mai Ubuntu bai cika ba. Alhali an ruwaito cewa da halifan Abbasiyawa ya nemi ya tilasta wa dukan garuruwa bin Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ne ya hana, saboda sahabbai sun warwatsu a ƙasashe, kowace ƙasa da abin da ya isa gare ta.

Abin da ya rage shi ne abincin masu karatun, tun da darasin Heartbleed ya nuna cewa ba a tsare amanar jama'a da yunwa. Majalisar Fiƙihun nan da aka ambata, a zamanta na 19 a Sharja cikin 2009, ta halatta waƙafin hannun jari da haƙƙoƙin wallafa da manfa'o'i, wato Bakano da ya rubuta manhaja ko ya fassara ta yana iya yin hubusinta da niyya, kamar yadda kakansa ya yi hubusin Ashafa ga masallacin unguwa. Jihar Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Roƙona ga malaman birni shi ne su duba mana, su ba da fatawa a rubuce, ko ya halatta attajiri ya tsayar da shago a Kwari ko gida a cikin gari, a riƙa ciyar da kuɗin hayarsa ga ɗalibai biyu ko uku waɗanda aikinsu shi ne karanta wannan rubutu, da fassara shi, da koyar da shi kyauta a makarantun Islamiyya. In ya halatta, su bayyana sharuɗɗan nazirin da zai kula da shi, da yadda za a auna aikin ɗaliban a ƙarshen kowace shekara.